Yelwan Yawuri: Garin Fito a Bakin Kwara

Yelwa, mazaunin Sarkin Yawuri, tana gaɓar gabas ta kogin Kwara a kudancin Jihar Kebbi, daidai wurin da kogin yake fara buɗewa ya zama tafkin Kainji. Babban titin da ya taso daga Legas ya bi ta Jebba da Kontagora zuwa Sakkwato ya ratsa ta cikin garin, kuma da yawan matafiya iyakar saninsu da shi ke nan: a tsaya a sayi kifi da albasa, a yi salla, a wuce. Amma ba titi ne ya kafa Yelwa ba. Ruwa ne ya kafa ta, musamman sana'ar fito, wato ƙetarar da mutane da dabbobi da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Tsallaken kogin ƙasar Borgu ce, wadda a yau take cikin Jihar Neja, kuma har yanzu babu gada a tsakani. Mai motar da ba ya son hawa ruwa sai ya yi dogon zagaye, ko dai ya yi kudu ya bi ta kan madatsar Kainji, tafiyar fiye da kilomita 100, ko ya yi arewa ya nemi gadar Tuga a ƙasar Bagudo.

Kwara ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya shigo Nijeriya, tsawonsa kuwa ya kai wajen kilomita 4,180. Kafin ya iso Yawuri ya riga ya haɗiye ruwan gulbin da ya gangaro daga Sakkwato da Argungu. Abin da ya bambanta shi da sauran gulaben ƙasar Hausa shi ne sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ita ce ta farin ruwa, ruwan daminar nan kusa, mai kauri da laka, wanda yake kai maƙura wajen watan Satumba. Ta biyu ita ce ta baƙin ruwa. Wannan ruwan sama ne da aka yi can Gini, ya shafe watanni yana tafiya a hankali cikin fadamun Masina a ƙasar Mali, lakarsa ta kwanta a hanya, sai ya iso Yawuri garau a tsakiyar hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu. Ke nan a lokacin da ƙoramun tudu suka zama rairayi, manomi a Katsina ko Zamfara yana tonon rijiya a cikin gulbi, mutumin Yawuri yana kallon kogi maƙil. Noman rani da kamun kifi da zirga-zirgar jirage duk a kan wannan cika ta biyu suka ginu.

Kafin a datse kogin, siffarsa a nan daban take da ta yau. Ya rarrabu rassa-rassa, da tsibirai masu yawa a tsakani, waɗanda ake kira gungu. Idan aka gangara kudu wajen Bussa sai a tarar da duwatsu da ruwa mai gudu, inda babban jirgi ba ya wucewa sai da matuƙin da ya san kowace kafa. Saboda haka jirgin da ya sauko daga Gao ko Gaya ya fi samun natsuwa ya tsaya a ƙasar Yawuri ya sauke, ayarin da ke son ƙetarewa kuma ya fi son wurin da ruwa ya kwanta, ga tsibiran da za a yada zango a kansu.

Mutanen da aka tarar a waɗannan tsibirai su ne Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Bareshe, harshensu kuma Tsureshe. Baƙo yakan ɗauka duk wanda ke zaune a tsakiyar ruwa masunci ne, amma Bagunge manomi ne tukuna. Yana noman gero da dawa da shinkafa, ya kuma shahara da albasar ban-ruwa, wadda ake shukawa a bakin gaɓa ana ɗibar ruwa da ƙwarya ana watsa mata. Zaman gungu kariya ce: maharin da ya zo a kan doki iyakarsa bakin ruwa. Masu su na sana'a, waɗanda suka gaji farautar dorina da kada da ayu, su ne Sarkawa. Asalinsu yana komawa ga Sorko na daular Songhai, waɗanda suka yi ta gangarowa da kogin suna kafa tungaye, har suka saki harshensu suka kama Hausa. A kan tudu kuwa akwai Kambari da Dukkawa, ga Shangawa ta arewa, ga Lopawa a gefen ruwa. Hausawa sun shigo da fatauci da malanta, daga baya sarauta ta zauna a hannunsu. Wannan rabon aiki ya daɗe: wani yana da jirgi, wani yana da hatsi, wani yana da koma, wani kuma yana da hulɗa da kasuwannin nesa, kowa da abin da yake nema a wurin ɗan'uwansa.

Tarihin baka na masarautar yana farawa da Tafiraulu a matsayin sarki na farko, kuma Yawuri tana cikin ƙasashen da labarin Bayajida ya lissafa a Banza Bakwai. Tsohuwar hedikwata ita ce Birnin Yawuri, kimanin kilomita 14 daga Yelwa, a kan tudu, da ganuwarta. A ƙarni na 16 ƙasar ta shiga ƙarƙashin ikon Kabi ta Kanta, daga baya ta ƙwaci kanta. Yelwa a wancan zamani ƙauyen bakin ruwa ce, mashigar birnin. Sarki yana tudu, arzikinsa yana gaɓa.

Arzikin kuwa na goro ne. Ɗaya daga cikin hanyoyin da fataken Kano da Katsina suke bi zuwa Gwanja, inda kasuwar Salaga take a arewacin Ghana ta yau, a ƙasar Yawuri take ƙetare Kwara, sannan ta shiga Borgu ta nufi Nikki da Djougou. Ayari guda yakan kai ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai, madugu a gaba da jagabansa. Suna tafiya da kanwa da baƙaƙen riguna na Kano da fatu da dawaki, su dawo da goro a cikin huhu. Ƙetarar da irin wannan taro ba aikin yini ɗaya ba ne. Sai an sauke kaya an jera cikin kwalekwale, a riƙe linzamin doki ko igiyar jaki daga cikin jirgi dabbar tana iyo a gefe, a je a dawo, a je a dawo. Kwanakin da ayari ya yi yana jira ciniki ne ga garin: masu tuwo da fura, masu harawa, masu masauki, dillalai. Sarki yana karɓar gaisuwa daga madugu, yana kuma da rabonsa a kuɗin fito. Ga fatake kuwa jinkiri asara ce, domin goro ba ya son zafi, dole a riƙa kwance huhu ana tsince wanda ya fara lalacewa ana yayyafa ruwa. Wanda yake riƙe da jirage, shi yake riƙe da wuyan ciniki. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski a wannan masarauta, ya yi nazari mai zurfi a kan Yawuri ta ƙarni na 19 da kuma yadda fatauci ya baza Hausawa a Afirka ta Yamma.

Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Yawuri Muhammadu Albishir ɗan Ayi bai ɗauki makami ya tari masu jihadi ba. Ya nemi amana, ya bi Gwandu, aka bar masa ƙasarsa. Shi ya sa Yawuri take cikin tsirarun masarautun da gidan sarautarsu na Hausawa ya tsallake wancan zamani bai canja ba. Dabara ce ta mai garin kasuwa, wanda ya san yaƙi ba ya jawo ayari.

A zamanin nan ne kuma Turawa suka fara bayyana. Mungo Park, ɗan ƙasar Sikotlan da ke neman gano inda Kwara yake ƙarewa, ya taso daga Sansanding a ƙarshen 1805 cikin jirgin da ya haɗa daga kwalekwale, ya iso ƙasar Yawuri, inda tafintansa Amadi Fatuma ya sauka domin yarjejeniyarsu ta ƙare a nan. Park ya ci gaba, ya halaka a duwatsun Bussa a farkon 1806. Amadi Fatuma ya ba da labarin cewa kyautar da Park ya aika wa sarki ba ta isa hannunsa ba, shi ya jawo aka tare shi, ko da yake mutanen Bussa suna da tasu ruwayar. A 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka hau kogin daga Bussa suka zo Yawuri neman takardun Park. Sarki ya riƙe su makonni yana yi musu alkawari, takardu ba su fito ba. Abin da suka rubuta game da birnin ya fi takardun amfani ga mai neman tarihin wurin: gari mai faɗin ganuwa da yawan jama'a, ana saƙa, ana ɗinka sirdi, ana haɗa albarushi, ana noman shinkafa da alkama da baba da taba da albasa. Daga nan suka koma Bussa suka gangara, suka kai bakin teku kafin shekarar ta fita.

Bayan wannan sai ƙasar ta shiga wahala. Rikicin gadon sarauta ya raba gidan sarki, har a 1844 sarautar ta bar Birnin Yawuri ta koma tsibirin Ikum. Ana cikin haka Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora a gabas, shi da ɗansa Ibrahim suka yi shekaru suna kai hari suna kwasar bayi a ƙasashen Kambari da Dukkawa. Ƙauyukan tudu suka watse, yankuna da dama suka fita daga hannun Yawuri. Abin da ya rage mata mai ƙarfi shi ne ruwa da tsibiransa, domin dawakin Kontagora ba su da yadda za su yi da kogi. Sarki Abdullahi Abarshi ne ya sake haɗa kan ƙasar, a 1888 ya zaunar da sarauta a Yelwa. Zaɓen wurin ya nuna inda ƙarfin masarautar yake: kusa da jirage, kusa da Gungawa, da ruwa a baya idan abu ya ɓaci. Tun daga lokacin mashiga ta zama hedikwata, tsohon birni ya koma ƙaramin gari.

Kamfanin Royal Niger ya kafa wurin ciniki a Yelwa a 1896, a 1901 kuma Ingila ta mamaye yankin, shekarar da aka ci Kontagora. Mulkin mallaka ya kawo ƙarshen harin bayi, amma ya kashe hanyar Gwanja a hankali. Iyakokin Faransa da Jamus da Ingila sun yanyanka hanyar, kowace da kuɗin fitonta, sannan goro ya samu hanyar teku zuwa Legas, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Kano bayan 1912. Layin dogo ya ƙetare Kwara a Jebba, ba a Yawuri ba. Turawa sun kuma yi wani kuskure da ya shafi gaɓoɓin biyu. A 1915 suka tuɓe Sarkin Bussa Kitoro Gani suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yawuri, abin da mutanen Borgu, waɗanda suke alfahari ba a taɓa cin su da yaƙi ba, suka ƙi yarda da shi. Wani ɗan sarki mai suna Sabuki ya jagoranci bore, aka kashe wasu daga cikin waɗanda aka naɗa, daga baya dole aka warware haɗin. Maƙwabtakar ruwa ta iya haɗa ciniki da auratayya, amma ba ta sa ɗaya ya yarda ya yi wa ɗaya mubaya'a ba.

Babu abin da ya sauya Yelwa kamar madatsar Kainji. An fara gininta a 1964, aka rufe ƙofofinta a 1968, ruwa ya taru ya yi baya har ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130 da faɗin ƙasa kusan murabba'in kilomita 1,300. Injinan da aka girka suna da ƙarfin megawat 760. Mutum kusan 44,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Tsohuwar Bussa ta nutse gaba ɗaya aka gina sabuwa, babban tsibirin Foge ya shiga ruwa, unguwannin Yelwa na bakin gaɓa suka tafi, kasuwa da abin da ke kan tudu suka tsira. Gungawa ne suka fi kowa asara, domin abin da ruwan ya ci shi ne ainihin mazauninsu da ƙasar albasarsu da kushewun kakanninsu da wuraren tsafinsu.

Gwamnati ta gina musu gidaje maimakon ta ba su kuɗi. Wani mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, ya tsara gidajen siminti masu rufin asbestos, yana ƙoƙarin kwaikwayon tsarin gidajen gargajiya. A takarda abin ya yi kyau, har an yaba masa a ƙasashen waje. Masu zama a ciki sun ce da rana zafi, da sanyi kuma sanyi, ga shi mutum ba zai iya gyara tsagewar bango da ƙasar bayan gidansa ba. Da yawa sun kewaye su da ɗakunan laka da na ciyawa suka koma ciki, suka mai da na siminti rumbu ko ɗakin ajiya. Babban sauyin ma ba a gini yake ba. Mutumin da ya tashi a tsibiri, da harshensa da al'adarsa, yanzu yana zaune a bakin titi, kusa da kasuwa da makaranta da masallacin Juma'a. Musulunta da komawa Hausa, waɗanda dama suna tafiya sannu a hankali, sai suka yi sauri. Iyalai da dama da kakanninsu Bareshe ne yau Yawurawa suke kiran kansu, yaransu kuma ba sa jin Tsureshe sai kaɗan. Kokawa, wadda Gungawa suka yi suna a kanta, tana cikin abubuwan da suka fi jurewa.

A shekarun farko tafkin ya ba da kifi kamar ba zai ƙare ba. Ciyayi da itatuwan da ruwa ya rufe sun ruɓe sun zama abinci, faliya da karfasa suka yawaita, masunta suka yi ta zuwa daga Argungu da ƙasar Nufe da Nijar da Mali. An ƙiyasta kamun 1971 a kan tan 28,000 da ɗoriya. Kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wani ɓangare na faɗuwar halin kowane sabon tafki ne, wani kuma yawan hannu ne da ƙanƙantar idon raga. Daga baya aka shigo da dala, doguwar raga mai ido kamar na gidan sauro, wadda ake ja zuwa gaɓa don kama warangi, ƙananan kifayen nan da ake shanyawa a rana a auna a mudu. Warangi ya kawo kuɗi, amma dala ba ta zaɓe: tana kwaso 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa tun ba su kai yatsa ba. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus, tare da cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Bussa, ya yi aiki da sarakunan Yawuri da Borgu da sarakunan ruwa don a hana ta, aka kuma shigo da lasisin su. Dokar ta kama a lokacin da ake sa ido. Masu birgi da mamari da gura, waɗanda kamunsu ya dogara da kifi ya girma, su ne har yau suke kuka da masu dala.

Duk da haka Yelwa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kifi na arewa. Abin da ba a sayar ɗanye ba mata ne suke banda shi a tungaye, a naɗe tarwaɗa a soke ta da tsinke, a jera a kan waya a hura itace a ƙasa, sannan a cusa a kwali ko kwando a kawo gari. Dillalai suna haɗa masunci da mai saye, motoci su ɗauka zuwa Sakkwato da Kaduna da Ilori da Onica. Mata da yawa ba banda kaɗai suke yi ba, su ne masu jarin: su saya wa masunci raga ko inji, ya riƙa biya da kifi. Tafkin ya kuma ba da wata gonar a madadin wadda ya ci. Ruwansa yana sauka da kimanin mita 10 a kowace shekara yayin da ake sakinsa don wuta, ya bar fili mai danshi da laka, inda ake shuka shinkafa da albasa da wake da masara. Sai dai noman nan caca ne, domin ranar da ruwa zai dawo ba a hannun manomi take ba. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, har da na wannan yanki.

Fito kuwa dam ɗin bai kashe shi ba, ƙara masa nisa ya yi. Inda a da ake tsallake reshe ɗaya a huta a gungu a tsallake na biyu, yanzu ruwa ne shimfiɗe. Kwalekwalen da ake sassaƙawa daga gungumen maɗaci ya koma na su da gajeriyar tafiya. Na haya jirgin katako ne, dogo, wanda kafintocin bakin ruwa suke haɗawa da ƙusa su toshe kafofinsa, a ɗaura masa injin Yamaha a baya. Mashigar da aka fi sani ita ce tsakanin Zamare a gefen Yawuri da Rofiya a ƙaramar hukumar Agwara, amma jirage suna zuwa Yelwa daga tungaye da ƙauyuka barkatai na gaɓoɓin biyu. Ga mutanen Agwara, Yelwa ta fi kusa da su fiye da Minna, hedikwatar jiharsu, nesa ba kusa ba. Nan suke kawo hatsi da shanu, nan suke sayen gishiri da taki da kwanon rufi, nan ake kawo mai naƙudar da ta gagara.

Ranar kasuwa tun da hantsi bakin ruwa yake cika. Jirgi yana isowa, 'yan dako su shiga ruwa zuwa gwiwa su fara sauke buhuna, a turo babura ta kan katako, a ja akuya da tunkiya, mata su tattare zane su sauko da yara a goye. Kowane jirgi yana da direba a wurin inji, da yaron da ke gaba da gora yana duba hanya, da wanda aikinsa kwarfar ruwan da ke tsattsafowa. Masu jirage suna da ƙungiyarsu mai tsara layi da karɓar kuɗin tasha, kamar yadda ake yi a tashar mota. Sama da su a al'adance akwai Sarkin Ruwa, wanda yake sasanta rikicin wurin su, shi ake nema idan wani ya nutse, mutanensa ne suke nutso su nemo gawa. Har yanzu akwai masu ganin Sarkawa suna da asirin ruwa, ana kuma jin labaran iskokin da ke zaune a wasu gurabe. Malamai suna wa'azi a kan haka, amma ba a cika samun mai gardama da Basarke a tsakiyar kogi ba.

Hatsarin wannan sana'a ba ɓoyayye ba ne, kuma sanadinsa sananne ne. Lokacin da za a cika tafkin ba a sare dukan itatuwan da ke cikin kwarin ba, kututturansu suna nan a tsaye ƙarƙashin ruwa, idan ruwa ya ja sai su matso kusa da sama. Iskar farkon damina tana tayar da igiyar ruwa a buɗaɗɗen tafki irin wadda tsohon kogi bai sani ba. Jiragen suna tsufa, katako yana ruɓewa. Sannan ga lodi: mai jirgi yana lissafin kuɗin mai, fasinja yana tsoron kada a bar shi ya kwana a gaɓa, sai a yi ta ƙarawa har bakin jirgi ya kusa shafar ruwa. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga gefen Borgu zai je Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tsage ya nutse da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai 20 ne da 'yan kai. Yawancinsu mata ne da yara da 'yan kasuwa. A watan Oktoban 2023 wani ya sake kifewa da masu zuwa kasuwar Yawuri daga gefen Agwara. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta wajabta rigar kariya. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa don yankunan da madatsun wuta suka shafa, ta raba rigunan ta kuma sa an sare wasu kututture. Amfanin waɗannan matakai yana tsayawa ne a manyan mashigai, inda jami'i zai iya tsayawa ya ƙirga kawuna. Jirgin da ya tashi daga tunga da asuba babu mai ganinsa. Faɗar cewa kwana ne ya ƙare gaskiya ce ga mai imani, amma ba ta ɗauke alhakin wanda ya zuba wa jirgin mutum 80 ninkin abin da zai iya ɗauka ba.

Dorina ma tana nan. Tana shiga gonakin shinkafa da dare, tana kife ƙananan jirage idan tana da ɗa. A 2024 wata ta kashe wani bawan Allah mai yi wa Sarkin Yawuri aiki, daga baya mafarauta suka kashe ta aka raba namanta. Daga irin wannan farauta ake cewa bikin Rigata ya samo asali: mayaƙan ruwa na Gungawa suna fita cikin jirage da masu don tunkarar dorina, abin ya zama atisaye da nuna bajinta, da aka taƙaita farautar sai ya koma wasan da ake yi wa manyan baƙi. An farfaɗo da shi a 'yan shekarun nan ƙarƙashin Sarki Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya hau gadon sarauta a 1999. Ana tseren jirage da na iyo, ana kiɗa a kan ruwa, ƙauyuka suna gasa da juna. Bai kai bikin kamun kifi na Argungu suna ba, amma shi ne lokaci guda a shekara da sana'ar matuƙi take zama abin kallo a gaban sarki da gwamna.

Matsalar tsaro ta ƙara wa ruwan wani nauyi. A ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu 'yan mata ba su dawo gida ba sai a 2023. Hare-hare a ƙauyukan tudu na Ngaski da Shanga sun sa mutane sun sake gudu zuwa bakin ruwa da tsallakensa, yadda kakanninsu suka yi a zamanin Nagwamatse, wasu kuma sun fi amincewa da jirgi a kan hanyar daji. Haƙar zinariya a ƙasar Yawuri da gefen Borgu ta jawo dubban matasa da masu sayar musu da abinci, su ma ta ruwa suke zirga-zirga. Fasinja ya ƙaru, jiragen kuwa irin na jiya ne.

Wani abin da ke dagula gyara shi ne rabon iko. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, aka kuma mai da Borgu cikin Jihar Neja a wannan shekarar, gaɓar gabas tana kallon Birnin Kebbi, ta yamma tana kallon Minna, ruwan da ke tsakani kuma na Gwamnatin Tarayya ne. Jirgi guda yana tashi a wata jiha ya sauka a wata, ya bi ta hanyar da wata hukuma ta uku take da iko da ita. Mashiga mai siminti, da jirgin ƙarfe mai ɗaukar motoci wanda za a riƙa gyarawa idan ya lalace, da alamun da za su nuna wa direba inda kututture yake, da jirgin ceto mai mai a cikinsa, duk ayyuka ne da suke buƙatar ɓangarorin uku su haɗa kuɗi da hannu. Gada ita ce abin da mazauna gaɓoɓin biyu suka daɗe suna roƙo, kuma faɗin ruwan a nan ya sa aikin ba na jiha ɗaya ba ne. Masarautun Yawuri da Borgu, da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu jirage, su ne a halin yanzu suke ɗauke da yawancin tsarin yau da kullum: wa zai yi lodi, nawa za a biya, wane lokaci za a daina tashi, da wanda za a kira idan jirgi bai iso ba.